Gareki, puramo ko bugun firinta: da wanne ya kamata ka fara haɗa jaruman anime?

Idan ka buɗe kwalin Son Goku, jarumin wani anime (katun ɗin Japan), na kamfanin Bandai, za ka tarar da faya-fayan roba masu launi iri-iri, kowane guntu da lambarsa, ga takardar bayani mai hotuna tun daga matakin farko har na ƙarshe. Kafin dare ya yi ka gama, Goku na tsaye a kan teburinka, gwiwa na lanƙwasuwa, hannu na ɗagawa. Idan kuwa kwalin da wani masassaƙi ya sayar a kan ɗan teburinsa a Japan ka buɗe, leda za ka gani cike da guntaye farare fat ko masu launin madara: ga cinya, ga rabin gashin kai, ga tafin hannu da yatsu sirara kamar tsinken sakace. Takarda ɗaya ce a ciki mai lissafin guntayen, wataƙila da hoto guda na yadda abin zai kasance idan an gama. Sauran kuma kai da basirarka.

Na farkon 'yan Japan suna ce masa puramo, na biyun kuma gareki. Ga kuma na uku da ya shigo fagen a 'yan shekarun nan, wato wanda ake bugawa da firintar 3D daga ruwan rezin, wani sinadari mai daskarewa ya zama kamar roba mai tauri. Mai sha'awar da bai taɓa riƙe ko ɗaya ba yakan ɗauka abu ɗaya ne, farashi kawai ya bambanta. Ba haka ba ne. Aiki uku ne daban, kuma kowanne akwai irin mutumin da ya dace da shi. Tambayar da nake so ka fara amsa wa kanka ita ce: haɗawa kake sha'awa, ko fenti? Amsar nan ita ke yanke kusan komai.

Yana da kyau a san inda kowanne ya fito, domin asalinsu ne ya sa halinsu ya bambanta. Puramo ɗan masana'anta ne. A shekarar 1980, shekara ɗaya bayan fara nuna Mobile Suit Gundam a talabijin, Bandai ya fitar da Gundam na farko, injin yaƙin da ke cikin shirin, mai ma'aunin 1/144 (wato an rage tsawonsa sau 144) a kan yen 300, kuɗin Japan, kuma daga nan kasuwar ta buɗe. Ana narkar da robar polistirin a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, mazubi ɗaya ya fitar da dubban kofe iri ɗaya sak. Birnin Shizuoka shi ne cibiyar wannan sana'a, can masana'antar Bandai ta Gundam take, can Tamiya da Aoshima suke. Daga baya Bandai ya ɗauki wannan fasaha ya ɗora a kan mutane maimakon injinan yaƙi, ya fitar da jerin Figure-rise Standard mai ɗauke da jaruman Dragon Ball da na wasu shirye-shiryen. Kotobukiya ma yana da nasa, irin su Frame Arms Girl da Megami Device.

Gareki kuwa ɗan gida ne. A farkon shekarun 1980 masu son dodanni da jaruman fina-finai a Japan sun gaji da kayan wasan yara da ake sayar musu waɗanda ba su yi kama da abin da suke gani a allo ba, sai suka fara sassaƙa nasu, su yi mazubi da silikon, su zuba rezin, su raba wa junansu. Sunan ma daga nan ya samo asali, kayan da aka yi a gareji. Shagunan Osaka biyu ne suka riƙe wannan harka tun tana jaririya: Kaiyodo, wanda aka kafa a 1964, da General Products, na mutanen da daga baya suka kafa ɗakin shirya anime na Gainax. General Products ne ya ƙirƙiro bikin Wonder Festival a tsakiyar shekarun 1980, ya miƙa shi ga Kaiyodo a 1992, har yau kuma ana yinsa sau biyu a shekara, lokacin sanyi da lokacin zafi, a zauren Makuhari Messe da ke Chiba. Abin da ya sa bikin ya zama na musamman shi ne izinin kwana ɗaya: masu haƙƙin mallakar anime suna yarje wa ƙaramin masassaƙi ya sayar da siffar jaruminsu a ranar bikin kaɗai, a cikin zauren kaɗai. Ga mazubin silikon ba ya jure zubi mai yawa, bayan 'yan gomomi ya fara yagewa. Waɗannan abubuwa biyu su ne dalilin da gareki na asali yake da tsada da wuyar samu. Saitin Figure-rise yakan tsaya a 'yan dubban yen, gareki mai kyau kuwa sau da yawa ya haura yen 10,000 tun a teburin mai shi, kafin 'yan kasuwa su ɗora nasu.

To, mu shiga aikin kansa, nan ne bambancin ya fi fitowa.

Da puramo na Bandai, kayan aikinka ɗan filaya mai kaifi ne na yanke guntaye daga faifai, sai wuƙa ƙarama ta kankare inda ka yanka. Guntayen suna shiga juna da kansu, ba sai da gam ba. Launi ya riga ya zo a jikin robar, ido kuma ko sitika ne ko an riga an buga shi a fuskar. Wanda bai taɓa yi ba zai gama cikin awa biyu ko uku, ya ga abu mai kyau. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum da yawa sun bar wannan sha'awa ne saboda saitinsu na farko ya fi ƙarfinsu, ya zauna a kwali shekara da shekaru. Sai dai farashin wannan sauƙi shi ne gaɓoɓi. Duk inda aka sa gwiwa ta lanƙwasa, akwai tsaga da ake gani. A jikin Gundam ba komai, inji ne, ana tsammanin ganin gaɓa. A jikin mutum kuwa tana ɓata kyau, gwiwar hannu ta koma kamar ta 'yar tsana. Gashi kuma yakan zo dunƙule-dunƙule, saboda mazubin ƙarfe ba ya iya fitar da siffar da ta naɗe a bayan kanta, dole a sauƙaƙa ta ko a raba ta gida-gida.

Mazubin silikon yana da laushi, yana buɗewa ya saki duk siffar da aka zuba masa. Shi ya sa masassaƙin gareki yake iya yin gashi sili-sili yana kaɗawa kamar iska ta ɗauke shi, ko rigar da ta naɗe sau goma, ko yatsun da suka riƙe takobi kamar na gaske. Tsayuwa ɗaya ce, ba motsi, amma tsayuwar da aka zaɓa da gangan aka gina komai a kanta. A wurina nan ne gareki ya yi wa puramo fintinkau, kuma ba na ganin za a cimma masa nan kusa.

Amma kafin ka kai ga wannan kyau, akwai dogon aiki wanda ba a cika nunawa a bidiyo ba. Da farko sai ka lissafa guntayen ka tabbata sun cika. Sannan wanka: ana shafa wa mazubi wani mai domin rezin ya fita salin-alin, man nan yana manne a jikin guntayen, kuma muddin yana nan fenti ba zai kama ba, zai ɓare kamar ɓawon albasa ranar da ka cire salatif ɗin da ka rufe wani ɓangare da shi lokacin fenti. Ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori su ne maganinsa, ka goge har sai ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a jikin guntun. Bayan haka ka yanke ƙullutun da rezin ya bi ya shiga mazubi, ka kankare layin da ya rage inda ɓarin mazubi biyu suka haɗu. Layin nan yakan bi ta tsakiyar ƙafa, ta gefen hannu, ta cikin silin gashi, kuma idan ka bar shi, fenti ba ya ɓoye shi, ƙara tona shi yake. Samfefa mai lamba 400 ake fara da ita, a koma 600, a ƙare da 800 ko 1000. Guntun da ya lanƙwashe, kamar takobi ko sanda, a tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, a miƙe shi, a tsoma a ruwan sanyi ya tsaya.

Sai ramukan iska. Lokacin zubi ƙananan kumfa kan maƙale a cikin rezin, kana goga samfefa sai su buɗe kamar an tsira allura. Wani guntun babu ko ɗaya, wani kuma kamar saƙar zuma. Kowanne sai an cike shi da foti (ƙullin cike rami) ko ɗigon sufa gulu, a goge, a fesa fentin share fage (shafin farko kafin launi), a duba a hasken fitila, a ga wasu sababbi sun fito, a sake. Wannan zagaye na cikewa da gogewa da dubawa shi ne ainihin aikin gareki, yana iya cin mako biyu kafin ka buɗe kwalbar launi ko ɗaya. Wanda ba ya jin daɗin irin wannan aiki na natsuwa, gara ya sani tun yanzu.

Haɗawar ma ba irin ta puramo ba ce. Gam ɗin da ake amfani da shi a kan polistirin narkar da robar yake yi ɓangarorin biyu su zama ɗaya, to rezin ba ya narkewa da shi, kamar ka zuba ruwa ne. Sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu. Kuma gam kaɗai ba ya riƙe nauyi, domin rezin dunƙule yake ba rami a ciki, mutum-mutumi mai ma'aunin 1/7 yana da tsawon kusan santimita 23 kuma yana da nauyi a hannu. Dole a huda ɓangarorin biyu da ɗan abin huji na hannu, a cusa wayar tagulla mai kaurin milimita 1 zuwa 2 gwargwadon girman gaɓar, ta zama ƙashi a ciki. Idan jarumin a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, wayar ta shiga can cikin ƙafar sosai, in ba haka ba zafin ɗaki zai sa ya fara sunkuyawa a hankali bayan 'yan watanni. A garin da ɗaki ke ɗaukar zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, wannan ba abin wasa ba ne.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wata 'yar gada da ba kowa ya sani ba. Kamfanin Volks na Kyoto yana yin jerin da ya kira CharaGumin, rezin ne amma kowane guntu an zuba shi da launinsa, fata da launin fata, gashi da launin gashi. Kana iya haɗa shi ba fenti ya yi kyau daidai gwargwado, kuma ka koyi wanka da huji da gogewa ba tare da fargabar fenti ba. Ga wanda ya sami hanyar sayensa, makaranta ce mai kyau.

Yanzu bugun firinta. Sunan rezin ne ya haɗa su, amma wannan rezin daban yake da na gareki. Ruwa ne mai daskarewa idan hasken UV ya taɓa shi, injina irin su Elegoo Mars da Anycubic Photon suna haska shi shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta kamar milimita 0.05, har siffar ta fito. Masassaƙin a kwamfuta yake aikinsa, ya sayar da fayil, kowa ya buga a garinsu. Alfanun a bayyane yake: ba ka jiran biki a Chiba, kana iya buga girman da kake so, kuma idan hannu ya karye ko ka ɓata fuska, sai ka sake buga wata. Ga mai koyon fenti wannan gata ne babba, ka buga kai biyar ka yi ta gwajin ido a kansu. Babu layin mazubi, babu ramukan kumfa.

Matsalolinsa ma nasa ne na kansa. Maimakon layin mazubi, akwai tabon ɗaruruwan 'yan sandunan da suka tallafi siffar lokacin bugu, kowanne ya bar ƙurji ko rami, sau da yawa a wurin da samfefa ba ta isa. Rezin na yau da kullum na firinta yana da gautsi, silin gashin da zai lanƙwasa a gareki a nan ƙaras zai karye, huji ma sai da lallaɓa don kada guntun ya tsage. Manyan guntaye akan bar cikinsu rami don a rage kuɗi, kuma idan ba a wanke cikin an busar da shi sosai ba, ɗanyen rezin da ya rage yana iya fasa jikin bayan watanni, ya tsiyayo a kan fentin da ka sha wahala a kai. Idan daga hannun wani za ka saya bugagge, ka tambaye shi ko ya bar ramukan tsiyaya kuma ya gasa cikin da hasken UV ya daskare. Idan kuwa da kanka za ka buga, ka sani ka ɗauko sha'awa ta biyu ce a kan ta farko: safar hannu kullum saboda ɗanyen rezin yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya barin mutum idan ya kama shi, sinadarin wankewa, fitilar gasa rezin, ga bugu ɗaya yana iya cin awa shida ko goma. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, sai kana da inbata ko sola mai riƙe injin, in ba haka ba ka yi ta asarar rezin. Ban ga dalilin da mai farawa zai sayi firinta ba. Ya nemi mai ita ya biya a buga masa.

Akwai hanya ta huɗu da ba na so in wuce ban ambata ba, domin ita ce mai farawa ya fi faɗawa ciki ba da saninsa ba. Ana sayar da gareki a intanet a kan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na farashinsa, da hoton aikin masassaƙi na asali. Kofen sata ne: a sayi na asali ɗaya, a yi sabon mazubi a kansa, a yi ta zubawa. Araha ba ta ado. Kowane kwafi yana ɗan tsukewa, layuka masu kaifi su dakushe, guntaye su daina zama daidai a kan juna, man mazubi ya yi yawa. Amma ko da ingancin ya yi kyau, kuma wasu suna yin kyau, mutumin da ya share watanni yana sassaƙa abin bayan ya taso daga aikinsa na rana ba ya samun ko sisi. Yawancin masu teburi a Wonder Festival ba kamfanoni ba ne, mutum ɗaya ne ko abokai biyu. Ni dai ba na saye, kuma tun da bugun firinta ya zo da fayil na halal mai araha, hujjar tsada ta ragu ƙwarai.

Fenti ne zai fi cin kuɗinka a kowace hanya ka bi, kuma a nan ne zaɓinka na farko yake ja maka na biyu. Puramo yana iya zama ba fenti, ko ka ɗan fesa masa abin kashe ƙyalli ya daina kama da roba. Gareki da bugun firinta kuwa babu zaɓi, farare ko toka-toka suke zuwa.

Fenti iri uku ake aiki da su. Mai tina, irin Mr. Color na GSI Creos da na Gaianotes, shi ne abin da yawancin masu gareki a Japan suke amfani da shi: yana bushewa da sauri, yana kama rezin da ƙarfi, yana jure salatif, kuma da shi ake samun fatar nan mai santsi da ke sauya launi a hankali daga haske zuwa ja-ja a gwiwa da kumatu. Wasu ƙwararru ma ba sa sa fentin share fage mai toka a kan fata, launuka masu garai-garai suke fesawa a kan farin rezin kai tsaye domin haske ya ratsa ya dawo kamar fatar gaske. Wannan dabara a kan gareki na zubi take aiki, kuma sai guntun ba shi da tabon foti ko kaɗan. Sai dai mai tina yana buƙatar ƙaramar bindigar feshi da kwamfiresa, yana da wari mai cutarwa, kuma yana kama wuta, shi ya sa kamfanonin jigila ta jirgin sama sukan ƙi ɗaukarsa, shi da gwangwanin feshi. Mai zaune a Kano ko Damagaram yana iya samun saitin ya iso, fentin ya maƙale a hanya.

Mai ruwa, irin Vallejo na Sifen da Citadel na Ingila, shi ya fi sauƙin isowa, ba shi da wari sosai, ana shafa shi da buroshi. Rauninsa shi ne bai kai mai tina kama jiki ba, farce na iya kankare shi kafin a rufe shi da fentin kariya, kuma shimfiɗa fata mai faɗi da buroshi ba tare da sawun gashin buroshin ya fito ba yana buƙatar haƙuri: a tsarma shi sosai, a shafa siriri sau huɗu ko biyar, kowanne ya bushe kafin na gaba. Yana yiwuwa, na ga ayyukan buroshi da suka fi na feshi rai, amma salon ya fi dacewa da ƙananan siffofi da jarumai maza masu tsoka da sulke fiye da fuska mai santsi irin ta anime.

Na uku, inamel irin na Tamiya, ba a fentin jiki duka da shi. Aikinsa ido ne da gira da siraran layuka. Dalili kuwa shi ne ruwan tsarma shi ba ya taɓa fenti mai tina da ke ƙasa, don haka kana iya zana ido, ka ga bai yi ba, ka goge da auduga ka sake har sau goma, fuskar na nan lafiya. Ƙa'idar jerawa ita ce mai tina a ƙasa, mai ruwa a tsakiya, inamel a sama, idan aka juya na sama ya cinye na ƙasa. Hattara ɗaya ga mai puramo: ruwan inamel yana shiga gaɓoɓin roba ya sa su tsage, musamman robar ABS da ake yin wasu gaɓoɓin da ita. Rezin bai damu da wannan ba.

Yanayinmu yana da ta cewa a nan. Da hunturu ƙura ba ta barin ɗanyen fenti, ka fesa fuska ka juya ka dawo ka tarar da ita da ɗigo-ɗigo. Kwali ko babbar robar abinci mai murfi da za ka kifa a kan guntu da zarar ka fesa tana maganin rabin matsalar. Busasshiyar iska da zafi kuma suna sa fenti ya bushe tun a iska kafin ya sauka, jikin ya yi kaushi kamar samfefa, sai a ƙara tina ko a sa sinadarin jinkirta bushewa, a yi aiki da sassafe. Da damina akasin haka ne, laima tana sa fentin kariya ya yi fari-fari kamar hazo, ranar da aka yi ruwa a haƙura da feshi. Abin daɗin shi ne ba komai ne sai an yi oda ba. Masu fentin mota da masu gyaran jikinta suna da samfefar ruwa har mai lamba 2000, suna da salatif na takarda, filar da suke cike lotsawar mota da ita kuma dangin fotin da masu gareki ke amfani da shi ce. Tinarsu tana da ƙarfi, tana da kyau wurin wanke bindigar feshi, amma kada ta kusanci puramo, narkar da shi za ta yi.

Maganar lafiya ba ta da dogon bayani amma ba a tsallake ta. Ƙurar rezin ba abin shaƙa ba ce, a jiƙa samfefa a riƙa gogewa da ruwa, a sa takunkumi. Feshin mai tina kuwa takunkumin yadi ba ya tare shi, sai mai matatar sinadarai, kuma a waje ko bakin taga, nesa da yara da wuta.

Akwai kuma abin da na san yana zuciyar wasu masu karatu. Malamai da yawa suna ganin haramcin yin siffar abu mai rai mai jiki, kuma ga shi wani kaso mai yawa na gareki siffofin mata ne da shigar da ba kowa zai ajiye a ɗakinsa ba. Wanda wannan ya dame shi ya tambayi malamin da ya yarda da shi, kuma ya sani aikin hannun duka, yanka da gogewa da feshi, yana nan a jiragen sama da motoci da jiragen ruwa da ke cikin anime ɗin kansu, kamar jiragen One Piece da Bandai yake yi.

Idan na haɗa duka, ga yadda nake ba da shawara. Wanda abin da yake so shi ne ya ga jaruminsa a kan teburinsa, ba ruwansa da aikin, kada ya sayi ko ɗaya daga cikin ukun, ya sayi gamamme mai fenti irin na Good Smile Company, zai fi masa araha a kan kuɗin kayan aiki. Wanda haɗawa ke burge shi, yana son jin guntu ya shige guntu, yana son sauya tsayuwa, puramo ne nasa, kuma ba mataki ne na ƙasa ba, akwai masu shekara talatin a kansa ba su gundura ba. Wanda kuwa fenti ne ya jawo shi, ya ga fatar nan da idon nan a hoto ya ce shi ma sai ya iya, to rezin ne makomarsa, amma kada ya fara da gareki na asali mai tsada. Ya fara da puramo ɗaya, ya goge layukansa, ya fesa masa share fage, ya fente shi duka ko da launin ya riga ya zo, don hannunsa ya san wuƙa da samfefa da salatif a kan abin da ba zai yi baƙin ciki ba in ya lalace. Daga nan ya sa a buga masa ƙirji da kai na wani jarumi, ya yi ta maimaita fuska. Sai a karo na uku ya nemi gareki na zubi.

Garekin farkon ma a zaɓe shi da lura. Guntaye kada su wuce 15 ko 20. Ƙafa biyu a ƙasa, ba mai tsalle ba. Ma'aunin 1/8 ko 1/7, domin ƙasa da haka ido ya yi ƙanƙanta, sama da haka fata ta yi faɗin da kowane kuskure zai fito. A guji guntaye masu garai-garai kamar gilashi da doguwar riga mai naɗi da yawa. A duba ko masassaƙin ya raba guntayen a inda launi ke sauyawa, wato hannu daban hannun riga daban, domin wannan yana rage aikin salatif da rabi. Kuma a tambaya ko akwai sitikar ido ta ruwa, wadda ake jiƙawa a manna, a cikin kwalin. Idan akwai, ka ajiye ta a gefe, ka rufe fuskar da fentin kariya mai ƙyalli, ka gwada zana idon da inamel tukuna. In ya ƙi bayan gogewa ta biyar, sitikar na nan tana jiranka.